Wa Ya Ɗaga Mayafin?

Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni sura 6, aya 1 zuwa 7. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da ku, ku buɗe wurin ku ajiye, za mu dawo gare shi. Bari in fara da wani abu da ya same ni, wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Akwai wata tsohuwa da nakan je gaisarwa a cikin garin Batsari. Danginta sun gudo da ita daga ƙauye, ɓarin jikinta na dama ya shanye, aka ara musu ɗaki ɗaya. Sau uku ina zuwa. Kowane zuwa nakan riƙo sabulu da tiyar gero, in durƙusa in ce, "Iya, yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, Malam." In yi addu'a, in fito raina fari, ina ganin na sauke nauyi.

A zuwa na huɗu sai na tafi tare da wata 'yar'uwa daga zumuntar mata, wadda ta taɓa aiki a asibiti. Da muka gama gaisuwa ta ce maza su ɗan ba ta wuri. Ba a jima ba ta fito, fuskarta ta canja. Ta ce, "Malam, duk zuwan nan da kake yi, ba wanda ya ɗaga mayafinta?" Ashe a gindin bayan Iya akwai gyambo mai faɗin tafin hannu, wani kuma ya fara a diddige. Kwanciya a gefe ɗaya ce ta kawo shi. Mai jinyarta jikanya ce 'yar shekara 13, uwar yarinyar kuwa tun safe take fita aikatau don a samu na tuwo. Ba mugu ko ɗaya a gidan nan. Ba dai wanda ya taɓa gaya wa yarinyar cewa ana juya mai ciwo. Ni kuwa da ke zuwa da sunan ikkilisiya, gero na kawo, ban kawo ido ba.

A da, gidan gandu shi ne asibitin tsoho. Surukai suna nan, jikoki suna nan, in wannan ta tafi rijiya waccan tana tsakar gida. Ku mutanen Batsari da Safana kun san abin da ya sami wannan tsari. Hare-haren da ke fitowa ta dajin Rugu, waɗanda suka yi tsanani daga 2019, sun watsa ƙauyuka da yawa. Wasu suka nufi Batsari, wasu Dutsin-Ma, wasu Katsina. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutane wajen 30 a Tsauwa da Dankar, da yawansu tsofaffi ne da yara waɗanda ba su iya gudu ba. Tsohon da ya tsira kuma, sau da yawa sai ya tarar hannuwa goma da ke ɗaga shi a da sun koma biyu, biyun ma na yarinya.

To, mu koma ga karatunmu. A Urushalima masu bi suna ta ƙaruwa, ana rabon abinci kowace rana. Sai Yahudawa masu jin Helenanci suka fara gunaguni, domin ana tsallake gwaurayensu a wajen rabon. Ku lura, 'yan'uwa, wannan ikkilisiyar manzanni ce da kansu, cike da ƙauna, duk da haka wasu tsofaffin mata suna kwana da yunwa. Kyakkyawar niyya tana nan, tsari ne babu. Manzannin ba su ce wa masu kukan su yi shiru don kada a ɓata sunan ikkilisiya ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, aka kuma sa sharaɗi: sai waɗanda aka shaida halinsu, masu Ruhu da hikima. Sharaɗi don rabon tuwo! In kun duba sunayen bakwai ɗin nan, su Istifanas da Filibus, duka na Helenanci ne, wato alama ce cewa daga ɓangaren da aka yi wa rashin adalci aka ɗauko masu gyara. Daga baya ma, a 1 Timoti sura 5, za ku ga har rubuta sunayen gwauraye ake yi. Ba a bar abin ga wanda ya tuna ba.

Duniya ma ta gane haka. A Ingila akwai hukuma da ake kira CQC, wadda ta fara aiki a 2009, tana bincikar gidajen tsofaffi da kamfanonin da ke aika masu jinya gida-gida. Tambayoyi biyar take yi: ko mutumin yana cikin aminci, ko jinyar tana da amfani, ko ana yi masa da tausayi da mutunci, ko ana biyan bukatarsa shi kansa, ko kuma masu shugabancin aikin sun san abin da suke yi. Ba takardu kaɗai suke dubawa ba, sukan tambayi wanda ake jinya. A ƙasarmu, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Wannan abu ne mai kyau. Amma ni da ku mun san jami'i daga Abuja ba zai shiga ɗakin Iya a Batsari ya ɗaga mayafi ba. In za a ɗaga, maƙwabci ne zai ɗaga.

Saboda haka ga abin da 'yar'uwar nan ta koya mini, ni ma ina koya muku. Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi kamar kowane awa 2. Kullum a duba gindin baya, da ƙugu, da diddige, da kafaɗa. In fata ta canja launi ko ta yi zafi, gyambo yana hanya, kada a sake kwantar da shi a kan wurin. Shimfiɗa ta zama busasshiya, domin fitsari yana cin fata. Mai shanyewar ɓarin jiki kada a ɗura masa kunu yana kwance. A zaunar da shi, a ba shi kaɗan-kaɗan, domin in ya shaƙe abincin yana iya gangarawa huhu ya zama ciwo. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Da bazara tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai an miƙa masa ruwa ko bai roƙa ba. In zawo ya kama shi kuma babu ƙunshin ruwan gishiri da suga na asibiti, a zuba suga ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin cokali cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ana ba shi har a kai shi asibiti.

Wannan ba sabon aiki ba ne gare mu. In ka fito daga Katsina ta hanyar Batsari za ka wuce Babbar Ruga, inda mishan na SIM suka yi jinyar kutare tun cikin shekarun 1930. Abin da masu jinyar kuturta suke nanatawa shi ne a duba tafin ƙafa kowace rana, domin ƙafar da ba ta jin zafi ba za ta faɗa maka ƙaya ta shige ta ba. Haka tsohon da ya saba cewa "da sauƙi" yake. Kunya da kawaici sun hana shi kuka.

Akwai kuma abu ɗaya da ba zan yi shiru a kansa ba. Tsohuwar da gigin tsufa ya kama, tana fita da dare, tana kiran sunayen matattu, tana mance 'ya'yanta, ba mayya ba ce. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Wanda ya kulle ta a ɗaki, ko ya ɗaure ta, ko ya bar yara suna jifanta, zai amsa a gaban Allah.

Ku dattawan ikkilisiya, ran Lahadi mai zuwa bayan sujada ku ɗauko littafi. Ku rubuta sunan kowane tsoho da nakasasshe da ke kwance a unguwarku, Kirista ne ko Musulmi, domin gyambo ba ya tambayar addini. A gaban kowane suna a sa wanda zai je, da ranar da zai je, mace ga mace, namiji ga namiji. Wanda ya je ya dawo ya faɗi abin da ya gani, ba abin da ya kai ba. Ku ware wani abu daga baiko domin sabulu da kuɗin mota zuwa asibiti. Ku kuma karɓi jikanyar nan ko da yini ɗaya a mako, ta huta, ta je makaranta.

Gyambon Iya ya ɗauki watanni kafin ya rufe. Wata rana 'yar'uwar nan ta tambaye ta, "Iya, me kike so mu yi miki?" Mun zaci za ta ce nama ko sabon zane. Sai ta ce a riƙa fito da ita bakin ƙofa da hantsi, ta ji muryar mutane, domin tun da suka baro ƙauye ba ta ga rana ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tuna da waɗanda ke kwance a ɗakunan aro a Batsari da Safana, da yaran da ke jinyarsu. Ka ba ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.