Ruwa Ba Ya Manta Hanyarsa: Jawabi a Kan Ambaliya da Zaftarewar Ƙasa

An shirya wannan jawabi domin a karanta wa jama'a a ƙofar fada, da kasuwanni, da makarantu, tun kafin damina ta kankama. Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su tara mutanensu su saurara, wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ruwan sama rahama ne daga Allah, babu manomin da ba ya murna in ya ga hadari ya haɗo daga gabas. Amma sanin kowa ne ruwan da ke raya gero da dawa, shi ne kuma kan rushe gida ya ci rai in ya sauka da yawa cikin ɗan lokaci. Ambaliya iri biyu ce. Akwai ta manyan koguna, irin wadda kogin Kwara da na Binuwai suka yi a 2012 da 2022. Ita wannan takan ɗauki kwanaki tana hauhawa, mutane suna ganinta, sau da yawa har su sami damar kwashe kayansu. Akwai kuma ta farat ɗaya, wadda kan zo cikin sa'a guda ko biyu bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, galibi da dare mutane suna barci. A kan wannan ta biyu za a yi magana, tare da 'yar'uwarta, watau zaftarewar ƙasa daga gangaren dutse ko tudu.

Yadda Ruwa Ke Taruwa

Mutane da yawa suna raina nauyin ruwa. Idan aka yi ruwa na inci ɗaya tak, abin da ya sauka a kan fili mai faɗin eka ɗaya ya kai tan 100, watau ya fi garwa 5,000. To, a ƙiyasta abin da ke sauka a kan gari sukutum da gonakin da ke kewaye da shi in aka yi inci uku ko huɗu a dare ɗaya.

Wannan ruwa duka tilas ne ya sami wurin zuwa. A dajin da ke da itatuwa da ciyawa, ƙasa takan sha kashi mai yawa, saura kuma ya gangara sannu a hankali. Amma inda aka sare itatuwa, ko inda ƙasa ta ƙeƙashe saboda zafin rani, ko kan fa da duwatsu, ruwa ba ya samun wurin shiga sai ya malale. A cikin birni ma haka abin yake, gama rufin kwano da kwalta da daɓen siminti ba su shan ruwa ko kaɗan. A tsakiyar marka kuwa, sa'ad da ƙasa ta riga ta ƙoshi, ko ɗan ruwa kaɗan aka ƙara sai ya bi gangare.

Duk abin da ya malalo daga tudu, a kwari yake haɗuwa. Saboda haka rafin da ya shekara busasshe, yara suna wasa a cikin yashinsa, yana iya kawowa har ya fi tsayin mutum cikin ɗan lokaci. Abin da ya kamata a lura da shi ƙwarai shi ne, ba lalle ne a yi ruwan a garin da za a yi ɓarnar ba. Ana iya yin sa a kan tudu mai nisan mil goma, mutanen kwari ba su ga ko ɗigo ba, sai dai su ji rugugi.

Darasin Mokwa

Garin Mokwa yana cikin Jihar Neja, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Arewa ta nufi Jebba da Ilori. A daren 28 ga Mayu, 2025, aka yi ruwa mai yawa a wannan yanki. Da asubahin 29 ga wata, ruwa ya afka wa unguwar Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ya rushe gidaje da mutane a ciki. Cikin kwanakin farko an tabbatar da mutuwar mutum fiye da 150, waɗansu da dama kuma ba a gan su ba, dubbai suka rasa matsuguni.

Mazauna garin sun bayyana cewa akwai wata tsohuwar ganuwar ƙasa da aka aza hanyar jirgin ƙasa a kanta, ruwa kuma ya saba wucewa ta kwalbatocin da ke ƙarƙashinta. Da tarkace ya toshe kwalbatocin, sai ruwa ya yi ta taruwa a bayan ganuwar kamar tafki, har ta kasa riƙe shi ta ɓalle. Ruwan da ya kamata ya wuce kaɗan kaɗan cikin sa'o'i, sai ya sauko gaba ɗaya a kan gidajen da ke ƙasa.

Irin wannan ta taɓa faruwa a Jos a watan Yuli na 2012, inda ruwa ya shiga Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, mutum fiye da 30 suka rasu. A garuruwan nan biyu duka, waɗanda abin ya fi shafa su ne mazauna gangare da bakin hanyar ruwa. Dattawa sukan ce ruwa ba ya manta hanyarsa. Kwarin da ya yi shekara ashirin bai kawo ba, har aka yanka filaye aka yi gini a cikinsa, yana nan a matsayinsa na hanyar ruwa, ranar da aka yi babban ruwa kuwa ta nan zai bi.

Zaftarewar Ƙasa

A ƙasar duwatsu da tuddai akwai wani hatsari na dabam. Ƙasar da ke kwance a jikin gangare, saiwoyin itatuwa da haɗuwar ƙwayoyinta su ne ke riƙe da ita. In aka jera kwanaki ana ruwa, sai ta jiƙe ta ƙara nauyi, ruwan da ya shige cikinta kuma ya raba ta da dutsen da take kwance a kai. Daga nan sai ta sulluɓo gaba ɗaya, laka da duwatsu da kututturai, da gudun da mutum ba ya iya tsere masa in yana kan hanyarta.

Mafi munin misali a Afirka ta Yamma cikin 'yan shekarun nan ya auku ne a Freetown, babban birnin ƙasar Saliyo, wanda ke zaune tsakanin teku da duwatsu. Da sassafen 14 ga Agusta, 2017, bayan kwana uku ana ruwa, wani ɓangare na dutsen Sugar Loaf ya zaftaro a kan unguwar Regent. Lakar ta bi kwari ta haɗu da ambaliya, ta yi ta cin gidaje har zuwa bakin teku. Waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace sun haura 1,000. Masana da suka duba wurin sun nuna cewa sare dajin da ke jikin dutsen, da yanke gangare domin a sami filin gini, suna cikin abubuwan da suka ƙara girman masifar. A watan Oktoba na 2019 kuma, ƙasa ta zaftaro da dare a kan wata unguwa ta birnin Bafoussam a Kamaru, mutum fiye da 40 suka rasu.

Kada wani ya ce wannan magana ta mutanen ƙasashen duwatsu ce kaɗai. Duk gidan da aka gina a gindin tudu, ko a bakin kwazazzabo, ko kusa da ramin da ake haƙar yashi ko ƙasar gini, yana cikin irin wannan hatsari daidai gwargwado. Bakin kududdufi ma yakan rufta da marka.

Alamomin da Za a Lura da Su

Sau da yawa ƙasa takan ba da alama kafin ta zaftaro. Idan aka ga tsaga ta bayyana a jikin tudu sama da gidaje, tana ƙara faɗi kowace rana, wannan alama ce. Haka kuma in katanga ta tsage ba dalili, ko ƙofar da ta saba rufuwa ta soma cijewa, ko itatuwa da turakun lantarki suka karkata zuwa gangare, ko ruwa ya soma ɓuɓɓugowa daga inda ba a taɓa ganin maɓuɓɓuga ba.

Rafi ma yana da nasa alamomin. In ruwansa ya rikiɗe ya zama laka farat ɗaya, yana tafe da rassan itace, to babban ruwa yana baya. In kuwa ana tsaka da ruwan sama sai aka ga rafi ya janye maimakon ya ƙaru, wannan ya fi kome hatsari, domin alama ce wani abu ya tare shi a sama, kuma zai ɓalle. Wanda ya ji rugugi kamar na babbar mota yana matsowa daga wajen tudu, kada ya tsaya neman sanin ko mene ne.

Kafin Damina

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Aikin farko yana wuyan mai neman fili. Kafin mutum ya biya kuɗi, ya tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da aka fi yin ruwa. Filin kwari yana da araha, amma arahar da za ta ci iyali ba araha ba ce. Masu unguwanni da dillalan filaye su ji tsoron Allah, kada su sa hannu a cinikin filin da suka san hanyar ruwa ne.

Aiki na biyu na unguwa ne baki ɗaya. A yi gayya tun cikin bazara a yashe lambatu da kwalbatoci, a kwashe abin da aka yaso a kai shi nesa, gama in an tara shi a bakin lambatu ruwan farko zai mayar da shi ciki. A hana zuba shara da leda a magudanar ruwa. In an ga kwalbatin babbar hanya ko na hanyar jirgi ya toshe, abin ya fi ƙarfin unguwa, dagaci ya kai rahoto ga ƙaramar hukuma a rubuce, ya kuma yi ta bibiya har a gyara.

Kowane mai gida ya duba yaɓen katangarsa da indararo, ya tabbata ruwan rufi ba ya zuba a gindin gini. A bar itatuwan da ke jikin gangare, a kuma dasa waɗansu. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, watau NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, tana kuma yin gargaɗi in ana sa ran ruwa mai yawa. Ya kamata a riƙa sauraron wannan a rediyo. Kowace unguwa da ke kwari ta tsai da wani wuri a kan tudu, makaranta ko masallaci, inda za a taru in ta ɓaci, kowa ya san hanyar zuwa can ko da cikin duhu.

In Ruwa Ya Zo

A daren da ake ruwa mai yawa, kada gidan da ke kwari ya yi barci gaba ɗaya. Mutum ɗaya ya zauna a faɗake da tocila yana duban ruwa. Da an ga yana hauhawa, a tashi kowa, a fara fitar da yara da tsofaffi da marasa lafiya, a kwance dabbobin da ke ɗaure, a nufi tudu. Kada a koma ɗauko kaya. Wanda ke gudun laka kada ya bi gangare a gabanta, ya ratse gefe ya fita daga hanyarta.

Kada kowa ya shiga ruwa mai gudu. Ruwan da zurfinsa bai wuce inci 6 ba, watau ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da ƙato in yana da ƙarfi. Ƙafa ɗaya na ruwa yana iya ɗaga ƙaramar mota, ƙafa biyu kuwa yana tafiya da yawancin motoci. Bugu da ƙari, direba ba ya ganin abin da ke ƙarƙashi, mai yiwuwa ne ruwa ya riga ya cinye hanyar ko ya ɗauke kwalbatin. Direban da ya tarar ruwa ya hau kan gada ya tsaya ya jira, fasinjoji kuma kada su matsa masa. Irin wannan ruwa yakan janye cikin 'yan sa'o'i. Makiyaya da matafiya kada su kwana a cikin busasshen rafi da damina, iyaye kuma su hana yara zuwa kallon ruwa a bakin lambatu.

Bayan Ruwa Ya Janye

Hatsari ba ya ƙarewa da ɗaukewar ruwa. Ginin ƙasa da ya sha ruwa yana iya faɗuwa bayan kwana ɗaya ko biyu, gangaren da ya zaftaro sau ɗaya kuma yana iya sakewa. Kada a koma ciki sai an duba. A nisanci wayar lantarki da ta faɗo, a yi hankali da macizai da ruwa ya koro cikin gidaje. Ambaliya takan haɗa ruwan masai da na rijiya, daga nan ne cutar amai da gudawa ke ɓarkewa. Saboda haka a tafasa ruwan sha, wanda ya kamu kuma a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Mai unguwa ya rubuta sunayen waɗanda suka yi hasara da waɗanda ba a gani ba, domin a miƙa wa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da ta ƙasa, watau NEMA.

Saukar da ruwa ikon Allah ne, ba wanda ke da hannu a ciki. Amma wurin da mutum zai kafa gidansa, da halin da kwalbatin unguwarsa ke ciki, da abin da zai yi in ya tarar rafi ya kawo, waɗannan an bar wa ɗan Adam zaɓi. Mutanen Mokwa da na Freetown sun kwanta barci kamar kowa a daren da abin ya same su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ana fata kowane gari zai duba kwarinsa da gangarensa tun yanzu, kafin hadarin farko ya haɗo.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba da damina mai albarka, ya kiyashe da jama'a daga sharrin ruwa. Amin.