Madara da farin cakulan a gida

 

Yau maganarmu a kan madara ce, irin wadda ake kaɗawa da farin cakulan a sha da sanyi. Yara sun gani a waya, sun dame ku. To, ana iya yin ta a gida.

Da farko, mene ne farin cakulan? Man koko ne da sukari da madara. Babu garin koko a cikinsa, shi ya sa ba shi da ɗaci, sai zaƙi zalla. Don haka uwargida, kada ki ƙara sukari. Na sake faɗa, kada ki ƙara sukari.

Sai ita madarar. Mu da shanu ba yau muka saba ba, ga zanensu nan a duwatsun Birnin Kudu tun zamanin da. Amma madarar da aka tatso daga ruga, a tafasa ta. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka. A tafasa ta, jama'a.

Tana da ɗumi, ki ɗebi kaɗan ki narkar da cakulan a ciki. Kada ki ɗora shi a wuta kai tsaye, nan da nan yake ƙonewa. In sauran madarar ta huce, ki haɗa, ki kaɗa. In babu lantarki, maburgi ya wadatar.

Ƙanƙara kuwa, ki san ruwan da aka yi ta da shi. Kuma a shanye a take, kada ta kwana.

Sai mun sake haɗuwa. A huta lafiya.