Amsar Wasiƙunku: Aiki A Dei-Dei, Kwana A Mararaba?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a yankin Funtuwa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce ubangidansa ya ba shi aikin kula da sito a kasuwar Dei-Dei da ke Birnin Tarayya, Abuja, zai kama aiki da zarar an gama kaka. 'Yan garinsu da ke zaune a Mararaba sun ce ya zo wajensu, ɗaki da araha, ga kuma 'yan'uwa. Yana shirin sayar da shanun huɗarsa biyu ya biya hayar shekara, ya kwashi mai ɗakinsa da 'ya'ya huɗu su tafi gaba ɗaya. Tambayarsa ita ce, shin Mararaban ta yi?

To Malam, Allah ya sanya alheri a wannan aiki. Amma ka dakata da sayar da shanun nan tukuna, ka saurare ni.

Mararaba ba ta da laifi, kuma 'yan garinku ba cutarka suke nufi ba. Matsalar ita ce ba a gaya maka yadda garin yake a shimfiɗe ba. In ka taso daga Funtuwa ka bi ta Zariya da Kaduna, ka wuce Dutsen Zuma da Madalla, za ka iso Zuba. Daga Zuba in ka ɗauki babban titin da ya nufi Kubwa, ba ka yi nisa ba ga Dei-Dei. Watau wurin aikinka yana bakin ƙofar da ka shigo ta cikinta ne. Ita kuwa Mararaba tana can ɗaya gefen, a kan hanyar Keffi, ba ma cikin Birnin Tarayya take ba, a Jihar Nasarawa take. Kafin ka zo aiki daga can sai ka bi ta Nyanya, ka ratsa gefen birnin baki ɗaya, ka wuce Gwarinpa da Kubwa. Kuma gosulon da ake yi tsakanin Mararaba da Nyanya safe da yamma, sai wanda ya gani. Dubban ma'aikata ne ke fitowa lokaci guda a kan titi guda. Akwai waɗanda kan bar gida kafin asuba, ba su dawowa sai 'ya'yansu sun yi barci.

Me ya sa haka? An tsara Abuja ne da dokar soja ta 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, gwamnati kuma ta taso daga Ikko ta tare a can a watan Disamba na 1991. Tsakiyar birnin an gina ta don ofisoshi da gidajen manya, haya a wurin ba ta talaka ba ce. Shi ya sa masinja da direba da lebura da ɗan tireda duk suka koma garuruwan gefe, suna shigowa da safe, suna fita da yamma. Kai Allah ya hutasshe ka, aikinka ma a gefen yake. Don me za ka sayi wahalar da ba taka ba?

Ɗauko takarda mu yi lissafi, irin na 'yan firamare. Mu ɗauka, don misali kawai, mota uku za ka shiga zuwa, uku dawowa, kowace N500. A rana N3,000 ke nan. A kwana 26 na aiki ya zama N78,000. A shekara N936,000. Kai ka tambayi ainihin kuɗin motar ranar da ka je, ka sa a gurbin nawa, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota bai zauna wuri ɗaya ba. Abin da nake so ka gani shi ne, kuɗin haya sau ɗaya ake biya a shekara, shi ya sa yake da zafi, kowa na ganinsa. Kuɗin mota kuwa kullum yake tsiyaya kamar buhun da ɓera ya huda, ba ka ankara sai ka ɗaga ka ji ba nauyi. Ɗakin da ya fi tsada amma kana takawa da ƙafa zuwa sito, ko ka hau acaɓa sau ɗaya, sau da yawa shi ne mai arahar.

Saboda haka ka nemi ɗaki a ɓangarenku: cikin Dei-Dei kanta, ko Saburi, ko Kagini, ko Gwagwa da Jiwa. In ka ɗan ja baya akwai Zuba, sannan Madalla da Suleja waɗanda ke cikin Jihar Neja. Duk wuraren nan akwai mutanenmu, da masallatai da makarantun allo, ba za ka rasa wanda za ka gaisa da shi ba. Kubwa ta fi su tsari, amma ma'aikatan gwamnati sun cika ta, hayarta da nauyi. Ga wata fa'ida kuma: in aka aiko maka ba lafiya a gida, ko damina ta kama, daga tashar Zuba mota ɗaya za ta miƙe da kai hanyar Kaduna. A Kubwa kuma akwai tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna wanda aka buɗe a 2016.

Yanzu ɗakin kansa. Kada ka aika da kuɗi ta waya don an nuna maka hoto, gani ya kori ji. Ka je da kanka, ka sauka wajen wani a kasuwa na mako biyu ko uku, kana aiki kana dubawa. A can ana karɓar hayar shekara ce a dunƙule, ga la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100, wani wurin har da kuɗin rubuta yarjejeniya. Dillalai kuwa akwai na kirki, akwai kuma masu nuna ɗaki ɗaya ga mutum uku. Ka ga mai gidan ido da ido, ka biya a gaban shaidu, ka karɓi rasit.

Ka dubi bangon gidan da na maƙwabta. In ka ga an shafa alama da jan fenti, hukuma ce ta sa, rusau na iya zuwa. Ƙasar Birnin Tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya take, takardar mai unguwa ba ta hana katafila. An rushe unguwanni da dama lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007, bayansa ma ba a daina ba. Ranar da aka rushe gida, ɗan haya ne ke kwana a waje, kuma da wuya ya ga ragowar kuɗinsa.

Kai manomi ne, ka san fadama ko da rani. Yi amfani da wannan idon. Dubi ƙasan bango ko akwai shatin ruwa, dubi inda kwata ta nufa, domin ruwan saman can ya fi naku yawa kuma ya fi daɗewa. Ka tambayi matan gidan, ba dillali ba, nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a watan Maris, domin yawancin unguwannin gefe da rijiyar burtsatse suka dogara. Gida mai mutum shida, kuɗin ruwa kaɗai wata ƙaramar haya ce. Ka tambaya yadda ake raba kuɗin wuta, nan ne 'yan haya suka fi yin rigima. Kada kuma araha ta kai ka gidan ƙarshe da ke jingine da daji ko gindin dutse. A farkon 2024 masu garkuwa da mutane sun addabi wasu unguwannin bakin daji a yankin Bwari. Shiga cikin jama'a.

Batun iyali, ni dai a ganina ka tafi kai kaɗai tukuna. Ka yi wata uku ka ga ko albashin yana fita a kan kari, ka san makarantar da yara za su shiga da asibitin da ke kusa, sannan ka ɗauko su lokacin hutu. Kuɗin hayar kuwa, ka sami ubangidan naka cikin ladabi, ka roƙe shi ya biya, a riƙa cirewa a albashi kaɗan-kaɗan. 'Yan kasuwa sun saba yi wa yaransu haka. Shanun ka bar wa ƙanenka su ci gaba da huɗa, ko a ba da su haya in damina ta faɗi. 'Yan garinku na Mararaba kuma ka kai musu ziyara ranar da ba kasuwa, ka tafi da ɗan tsarabar gero, zumunci bai yanke ba.

In ka sauka lafiya, Malam, ka rubuto mana unguwar da ka zaɓa da abin da ka tarar, akwai masu sauraro da ke kan irin hanyarka.