Janar Abdussalami Abubakar: Sojan da ya Cika Alkawari

 

Zai yiwu wani ya yi mamaki a ce ɗan jarida ya tashi gaban jama'a yana yabon soja, alhali kowa ya san irin zaman doya da manja da ke tsakanin alƙalami da bindiga a ƙasashenmu. To, Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Mutumin da zan yi magana kansa a yau shi ne Janar Abdussalami Abubakar mai ritaya, tsohon shugaban mulkin soja na Najeriya, wanda aka haifa a Minna a 1942. Abin da nake so mu duba tare shi ne dalilin da ya sa ake ta neman wannan dattijo wajen sulhu shekaru da dama bayan ya tuɓe kaki, alhali mulkinsa ko shekara guda bai cika ba.

Mu tuna yadda ya sami Najeriya. Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, bayan jam'iyyu biyar ɗin da gwamnatinsa ta yarda da su duk sun tsayar da shi ɗan takararsu tilo. Gidajen kaso cike suke da ƴan siyasa da ƴan jarida, ƙungiyar Commonwealth ta dakatar da ƙasar, zaɓen 12 ga Yuni 1993 da aka soke kuma yana nan yana ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Washegari aka rantsar da Abdussalami. Cikin ƴan kwanaki ya saki fursunonin siyasa, har da Janar Olusegun Obasanjo. A watan Yuli ya rusa waɗancan jam'iyyu, ya faɗa wa duniya cewa zai miƙa mulki ga farar hula ranar 29 ga Mayu 1999. Ya kafa hukumar zaɓe ta INEC, aka yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 27 ga Fabrairu, ranar da ya ambata kuwa ya miƙa ragama ga Obasanjo ya koma gida.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin ma'anar wannan. Wanda ya karɓi kaya bashi ya ce zai biya ran kasuwa, idan ya biya ran kasuwar, gobe ko ba ya da ko dala a aljihu za a ba shi kaya. Jarinsa shi ne maganarsa. Kafin Abdussalami, ƴan Najeriya sun ga yadda Janar Babangida ya yi ta ɗage ranar miƙa mulki har ta kai ga soke zaɓe. Shi kuwa ya sa rana ɗaya, bai ƙara mata ko kwana ba. Alkawari kaya ne, ya ɗauka ya sauke, kuma da wannan jari ya yi duk ayyukan da suka biyo baya.

Na farko da za a ambata shi ne na Laberiya. A 2003 ƙungiyar CEDEAO ta ɗora masa shugabancin tattaunawar sulhu a ƙasar Gana, tsakanin gwamnatin Charles Taylor da ƙungiyoyin tawaye biyu, a daidai lokacin da ake ruwan wuta a Monrobiya. Sama da wata biyu ya yi yana zaune da mutanen da kowannensu ke hangen kujera, har aka sa hannu kan yarjejeniyar Akara ranar 18 ga Agusta 2003. Daga nan yaƙin ya mutu, aka yi zaɓe a 2005. Me ya sa madugan yaƙi suka saurare shi? Domin idan ya ce wa mai bindiga akwai rayuwa bayan mulki, ba labari yake ba shi ba, shi kansa shaida ne. Daga baya ya zauna tare da Thabo Mbeki da Pierre Buyoya cikin kwamitin Tarayyar Afirka kan rikicin Darfur da rabuwar Sudan.

A gida Najeriya, shi ne ya shugabanci Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, tare da Bishop Matthew Kukah da sauran dattawa. Ana saura kwana biyu zaɓen 2015, lokacin da mutane ke kwashe iyalansu zuwa garuruwansu saboda tsoro, kwamitin ya haɗa Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari suka sa hannu cewa za su karɓi hukuncin akwati. Ranar 31 ga Maris Jonathan ya kira Buhari ya taya shi murna, karo na farko a tarihin ƙasar da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya kuma amince.

Mu a Nijar mun san shi ido da ido, kuma gaskiya ita ce a wurinmu bai ci nasara ba. A 2009, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta da ta ba Shugaba Mamadu Tanja tazarce, CEDEAO ta aiko shi Yamai ya shiga tsakanin gwamnati da ƴan adawa. Tattaunawa ta cije, sojoji suka yi juyin mulki ranar 18 ga Fabrairu 2010. A 2023 kuma, yana da shekara 81, ya sake zuwa tare da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. A zuwan farko, ranar 3 ga Agusta, daga filin jirgi suka juya ba su ga Janar Tiani ba. Wani babban mutum da ya yi fushi ya ce an wulakanta shi. Shi ya dawo ranar 19 ga watan, ya ga Janar Tiani, ya ga Shugaba Bazum inda ake tsare da shi, ya koma Abuja yana cewa ba wanda ke son yaƙi. Iyaka ta daɗe a rufe, masu harka tsakanin Maraɗi da Katsina ko Ƙonni da Illela sun ji jiki, amma a lokacin da wasu ke kaɗa gangar yaƙi tsakanin ƴan'uwan juna, muryarsa tana cikin waɗanda suka ce a zauna a yi magana.

Yabo ba ya hana faɗin gaskiya. A hannun gwamnatinsa Cif Mashood Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998. An zargi gwamnatin da facaka da ajiyar kuɗin waje a watanninta na ƙarshe. Tsarin mulkin 1999 da dokar soja aka fito da shi, ba a tambayi jama'a ba. Da kwamitin Mai Shari'a Oputa ya gayyace shi, bai halarta ba. Waɗannan tambayoyi ne da tarihi zai ci gaba da yi masa, kuma haƙƙin ƴan ƙasarsa ne su yi su.

Duk da haka, ga darasin da nake ganin ya shafe mu. Mu ma mun ga sojojin da suka sauka: Janar Ali Saibu ya yarda aka yi Taron Ƙasa a 1991, ya miƙa mulki ga Mahaman Usman a 1993, Dauda Malam Wanke ya miƙa a ƙarshen 1999, Salu Jibo ya miƙa a 2011. Abin da Abdussalami ya ƙara a kan sauka shi ne bai nemi dawowa ta ƙofar baya ba. Bai tsaya takara ba, bai ɗauki katin jam'iyya yana yawo da shi ba, shi ya sa kowane ɓangare ke iya zama a gabansa ba tare da zargin yana yi wa kansa shara ba.

Saboda haka, ya ku ma'aikata, daga darakta har mai gadin ƙofa, kujerar da kuke kai aro ce, akwai ranar mayar da ita. Wanda ya tashi da mutuncinsa, jama'a za su ci gaba da sallama a ƙofarsa. Wanda sai da aka ɓamɓare shi, ko gaisuwa sai ya roƙa. Ya ku ƴan kasuwa, idan mai mulki ya sa muku rana, ku rubuta ta kamar yadda kuke rubuta bashi, ku kuma tuna masa idan ta ƙarato.

Allah ya ba ƙasashenmu shugabanni masu cika alkawari, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.