YARANMU, WAYAR HANNU DA KOYON BAƘON HARSHE

Jawabi ga dattawan ikilisiya, iyaye da malaman makarantunmu



An ba ni in yi magana a kan yadda za a yi amfani da wayar hannu da kwamfuta wajen koya wa ƙananan yara baƙon harshe, wato Turanci da Faransanci, ta hanyar shirya labari. Na san a cikinmu akwai waɗanda da sun ji an haɗa yaro da waya sai gabansu ya faɗi, kuma suna da dalili. Ina roƙonku ku saurare ni zuwa ƙarshe, domin a hannunku shawarar take.

Damuwar da ke gabanmu

Yaro zai yi shekara shida a firamare ana koya masa Turanci, ya iya rera haruffa, ya iya kwafe abin da ke kan allo, amma baƙo ya tambaye shi hanyar kasuwa sai ya sunkuyar da kai. Na Faransanci kuwa ya fi muni. Tun 1991 aka kafa cibiyar koyon Faransanci ta ƙasa a Badagry, a 1996 kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu. Maƙwabtanmu Benin, Nijar, Chadi da Kamaru duk ana aiki da shi a makarantu da ofisoshinsu. Duk da haka, yaranmu nawa ne ke wuce gaisuwa?

Wata malama a Kanada mai suna Merrill Swain ta yi nazarin yara masu jin Turanci da aka shekara da shekaru ana koya musu darussa cikin Faransanci. Ta ga suna fahimta sosai, amma in za su yi magana ko rubutu sai kurakurai su yi yawa. A 1985 ta bayyana cewa ji kaɗai ba ya isa, dole a sa mai koyo ya buɗe baki ya faɗi abin da yake nufi har a gane shi. Yaro kuwa ba ya buɗe baki sai yana da abin faɗi da wanda zai saurare shi. Abin da labari ke ba shi ke nan.

Mene ne labarin na'ura?

Gajeren labari ne na minti biyu zuwa uku, wanda mutum ke haɗawa da hotuna da muryarsa. Joe Lambert da Dana Atchley ne suka yi fice wajen koyar da shi a Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1990, a 2001 kuma gidan BBC ya ɗauki dabarar a yankin Wales, inda talakawa suka riƙa shirya labaran rayuwarsu. Daga nan malaman harshe suka ga amfaninsa ga yara.

Kayan aikin ba su da tsada. Akwai ScratchJr, manhajar da ta fito a 2014 domin yara 'yan shekara 5 zuwa 7. Akwai African Storybook na Afirka ta Kudu, wanda ke da labaran yara cikin harsunan Afirka da dama har da Hausa, da manhajar da ake shirya littafi da ita a waya. Akwai Bloom ta ƙungiyar SIL, wadda da yawanku kun san ta da aikin harsuna da fassara. Da ita ana shirya littafi mai hoto, a sa masa murya. Dukansu kyauta ne, kuma da zarar an sauke su ana iya aiki ba intanet.

Yadda darasin yake tafiya

Mu ɗauki aji huɗu. Malama ta raba yara biyar biyar. Ranar farko ta aike su gida, kowa ya karɓo tatsuniya ko labari daga kaka ko wani tsoho, cikin harshen gida, Hausa ce ko Tangale ko Angas ko Bura. Kashegari kowace ƙungiya ta zaɓi labari ɗaya, ta yanka shi gida shida, ta zana hoto shida a takarda. Sa'an nan a rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin kowane hoto cikin harshen da ake koyo, malama ta bi ta gyara. Sai an gama duk wannan ake fito da waya, a ɗauki hoton zanen, kowane yaro ya karanta jimlarsa a naɗi muryarsa. Ranar Juma'a a nuna wa aji.

Ku lura, dattawa, kwana uku na farko fensir ne da takarda da baki. Waya ɗaya ta malama ta ishi aji.

Amfanin yana wurin naɗar murya. Yaron da za ka yi fama da shi ya maimaita jimla sau biyu a aji, da kansa zai ce a sake ɗauka sau goma, domin ya san mamarsa za ta ji. Zai kuma ji kansa da kunnensa. Mun san yadda mai jin Hausa ke haɗa “p” da “f” in yana Turanci. Ko malami ya faɗa sau ɗari, bai kai yaro ya ji nasa ya ji na malami ya gwada ba. Yarinya mai kunya wadda ba ta ɗaga hannu tana iya yin nata a gefen aji ba mai yi mata dariya. Kalmomin da ta nema da kanta domin ta ba da labarin akuyar kakarta kuwa, ba za su gudu bayan jarrabawa ba.

Kada kowa ya ji tsoro cewa farawa da harshen gida zai ja yaro baya. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da 'yan firamare cikin Yarabanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba. Ga mu da harsunanmu ke ƙanƙancewa, wannan riba biyu ce: jika ya koyi Faransanci, labarin kaka kuma bai bi ta kabari ba.

Inda za mu yi hattara

Na ɗaya, yau akwai manhajojin da ke rubuta labari su fassara shi cikin ƙiftawar ido. In na'ura ta yi aikin, za a sami labari mai kyau, yaro kuwa ya tashi hannu wofi. Jimla shida masu ɗingishi da ya haɗa da kansa sun fi masa amfani.

Na biyu, a yi aiki da zane maimakon fuskokin yara. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta bukaci izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. Kada malami ya sa hoto ko muryar ɗan wani a Facebook ko WhatsApp ba da yardar iyayensa ba.

Na uku, waya ba ta maye gurbin malami. In malamin bai iya Faransanci ba, kuskurensa za a naɗa. Kafin kwamitin makaranta ya sayi kwamfuta, ya fara tura malamin kwas.

Roƙona

Dattawa, ku ba da izini a gwada da aji ɗaya na zango ɗaya, ku tanadi waya ɗaya da ɗan faifan sola na caji. Iyaye mata, in jika ya zo neman tatsuniya kada a kore shi, aikin makaranta ne. A ƙarshen zango mu taru mu kalli abin da yaran suka yi, mu yanke shawara da idonmu, gama gani ya kori ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, harshe ma haka.

 Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu. Amin.