Matatar tangaran: tsadar tana wajen gashi

Yau batunmu shi ne matatar tangaran, 'yar uwar tukunyar ƙasa, wadda masana'antu ke tace ruwa da madara da ita.

Ka ɗauka bututu ne mai dogayen ramuka, jikinsa hawa uku. Hawan ƙasa mai kauri ne, na garin alumina mai gurza-gurza, shi ke ba bututun ƙarfi. Na tsakiya ya fi laushi, yana hana na sama zurarewa. Na sama kuwa siriri ne ƙwarai, ƙofofinsa kan kai kashi 1 cikin 10 na maikiron. Maikiron 1,000 ne fa ke yin milimita guda. Ƙwayar bakteriya kan kai kusan maikiron 1, don haka ruwa ya wuce, ita ta tsaya.

Ta fi matatar roba jure zafi da sinadaran wanki, ta kuma fi ta daɗewa. Singafo ta buɗe babbar matatar ruwan sha irin wannan a Choa Chu Kang a 2019.

To me ya hana ta yaɗuwa? Tsada. A tsohuwar hanya, kowane hawa da nasa gashin. A gasa na ƙasa da zafin da ya haura digiri 1,500, a bari ya huce, a shafa na biyu, a shanya, a mayar wuta, sannan na uku. Kowane zagaye yana cin makamashi da lokaci.

Shi ya sa injiniyoyi ke neman gasa hawa biyu ko uku a wuta ɗaya. Sai dai ku tambayi maginan tukwane: yumɓu yana tsukewa a wuta. In hawan sama ya riga na ƙasa tsukewa, sai ya tsage, kuma tsaga guda ta isa cuta ta bi. Maganin shi ne daidaita girman ƙwayoyin garin, da ƙara sinadarai irin su titaniya masu rage zafin da ake buƙata.

Wasu kuma sun koma ga farar ƙasa, wadda ke gasuwa da zafi ƙasa da na alumina. Akwai ta a Ƙanƙara ta Katsina da Alƙaleri ta Bauchi.

Mai sauraro, duk gashin da aka rage, kuɗin tace ruwa ne ya ragu. Ga garin da ke fama da kwalara kowace damina, wannan ragi ba ƙarami ba ne. Mu kwana nan.