Yadda Ake Rubuta Sharhi A Kan Jigogi Masu Karo Da Juna A Wasan Kwaikwayo

Jawabin da malaman darasin yamma suka gabatar a taron iyaye da ɗalibai na ƙungiyarmu, a Sabo, Ibadan



Abin da ya sa muka roƙi a ba mu wannan lokaci shi ne wata matsala da muka daɗe muna gani a takardun yaranmu masu nazarin adabin Turanci. Yaro ya karanta littafi sarai, in ka tsare shi a bakin masallaci zai ba ka labarin tun daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon murya. Amma da an ce ya rubuta sharhi, sai ka ga maki ya zube. Daga nan sai uba ya ce yaron ba ya karatu, yaro kuma ya ce malami ne ba ya son sa. Alhali abin da ya ɓace ɗan kaɗan ne, kuma ana iya koyar da shi a zama ɗaya.

Tambayar da ta fi kayar da su ita ce irin wadda ake cewa a tattauna jigogi biyu masu karo da juna, watau kamar gargajiya da zamani, ko tsufa da ƙuruciya, ko so da ƙi. Don kada mu yi ta magana a iska, mun ɗauko wasan Wole Soyinka mai suna The Lion and the Jewel, watau Zaki da Lu'ulu'u, mu yi misali da shi. A nan Ibadan aka fara nuna shi a 1959, aka buga shi littafi a 1963, marubucinsa kuwa shi ne wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986. Yana cikin littattafan da hukumar WAEC ta sa wa ɗalibai daga 2021 zuwa 2025, saboda haka da wuya a rasa tsohon kwafinsa a gidajenmu. Ko wane littafi aka sa muku, hanyar da za mu nuna tana aiki.

Don iyayen da ba su san labarin ba, ga shi a taƙaice. A wani ƙauyen Yarabawa mai suna Ilujinle akwai kyakkyawar budurwa, Sidi. Mutum biyu ke son ta. Ɗaya malamin makaranta ne, Lakunle, saurayi mai kimanin shekara 23, mai kwat da dogon Turanci. Ɗayan kuwa Baroka ne, Baale na garin, watau mai gari, tsoho ɗan shekara 62 mai mata da yawa. Lakunle ya ƙi biyan kuɗin aure, ya ce al'adar jahilci ce. Baroka kuma ya shirya makirci, ya gaya wa uwargidansa Sadiku cewa ƙarfin mazakuta ya ƙare masa, don ya san ba ta riƙe magana. Sidi ta ji, ta tafi fada don ta yi masa ba'a, ta faɗa tarko, daga ƙarshe shi ta aura. An raba wasan kashi uku, Safiya da Rana da Dare, duk a yini ɗaya.

To, ga abin da yawancin ɗalibai ke yi. Sai su ja layi a tsakiyar takarda a zuci, su ce Lakunle shi ne zamani, Baroka shi ne gargajiya. Su jera halayen wannan, su jera na wancan, su rufe da cewa gargajiya ta ci nasara tunda Sidi ta auri Baroka. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai mai duba takarda ya riga ya karanta irin wannan amsa ta fi a ƙirga kafin ya iso kan taka, kuma babu abin da ke cikinta da zai nuna ka buɗe littafin da kanka. Ana samun ta a ƙananan littattafan nan na taƙaita labari da ake sayarwa a bakin titi.

Abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: marubucin kirki ba ya raba wa mutanensa jigo kamar rabon goro, wannan naka wancan nasa. Karon da ake tambayar ku yakan kasance a cikin mutum ɗaya. Aikin mai sharhi shi ne ya nemo wurin da layin nan da aka ja a tsakiya ya karye.

Mu duba Lakunle tukuna. Da aka buɗe wasa, ya ga Sidi ɗauke da bokitin ruwa a ka, ya fito daga aji da gudu zai karɓa, wai ɗaukar kaya a ka ba na wayayyu ba ne. Madalla. Amma a cikin wannan hira ɗin dai, shi ne ya gaya mata cewa ƙwaƙwalwar mace ba ta kai ta namiji girma ba, wai haka littattafansa suka ce. Kun ji mai neman 'yancin mata ke nan. Da ya tashi zagin kuɗin aure, sai ya yi ta zubo manyan kalmomi har suka ƙare masa, ya amsa da bakinsa cewa ƙaramin ƙamus ne da shi, ya dai aika a kawo masa babba. Watau zamanin nasa a ƙamus yake. Sa'an nan da 'yan mata suka ja shi cikin rawar kwaikwayon baƙon nan mai ɗaukar hoto, da farko ya yi ta noƙewa, amma da kiɗa ya yi daɗi ba wanda ya kai shi rawar jiki. Akwai ma inda ya shagala yana kwatanta irin daɗin da Baroka ke ji a gidansa, har ya kusa faɗin yana kishinsa, sai ya farga ya kama bakinsa. Babbar shaida kuwa tana ƙarshe. Da ya ji abin da ya sami Sidi a fada, ya ce zai aure ta duk da haka, amma nan take ya tuna mata cewa yanzu batun kuɗin aure ya faɗi, tunda ba budurwa ba ce. Al'adar da ya yini yana zagi, ita ya rakuɓe a bayanta da ya ga za ta rage masa kashe kuɗi.

Yanzu mu juya kan tsohon. Gaskiya ne shi ya hana jirgin ƙasa ratsa garin. Lakunle ya ba da labarin yadda ya toshe bakin Baturen safiyo da kuɗi da goro da kaji da akuya, Bature ya sake duba taswira ya ce ai ƙasar nan ba za ta ɗauki layin dogo ba. Ɗalibi yakan tsaya a nan ya ce to ga maƙiyin ci gaba. Amma wa ke da injin buga kan sarki a ɗakinsa? Baroka ne. Injin bai fara aiki ba tukuna, amma da shi ya ja hankalin Sidi, ya yi mata alkawarin za a buga fuskarta a kan sarki ta zaga ƙasa. Wa ya yarda barorinsa suka kafa ƙungiyar ma'aikata har da ranar hutu? Shi ne dai. Ya ma faɗa wa Sidi cewa shi ba ci gaba yake ƙi ba, abin da ke damun sa shi ne yadda ci gaba ke mai da gidaje da mutane su zama iri ɗaya. Ashe tsohon yana tankaɗe zamani ne, ya ɗauki abin da zai ƙara masa iko, ya zubar da wanda zai rage masa. Jirgin ƙasa zai kawo baƙi da 'yan kasuwa da idon hukuma, kan sarki kuwa zai kawo kuɗi a hannunsa.

Ita ma Sidi haka. Ita ce ta kafe a kan kuɗin aure, ta ce in ta shiga gidan miji ba a biya ba, gari zai ce ba ta kai budurcinta ba. Amma me ya kumbura mata kai har ta raina Baale? Mujalla ce daga Legas, wadda ta sa hotonta a bango da tsakiya, ta cusa na Baroka a wani lungu kusa da salgar gari. Kayan zamani ne ya sa 'yar gargajiya ta ga ta fi mai gari.

In ɗalibi ya tara waɗannan, to ya sami abin faɗa. Saura yadda zai jera.

Sakin layi na farko, kada ya wuce jimla uku ko huɗu. A bar tarihin marubuci, ba shi aka tambaya ba. Mun sha ganin yaro ya cinye rabin shafi a kan inda aka haifi Soyinka. A faɗi matsayi kai tsaye. Alal misali: ko da yake wasan ya fito da Lakunle a matsayin ɗan zamani, Baroka kuma ɗan gargajiya, abin da ya nuna shi ne wanda ya san abin da yake riƙe da shi ya fi wanda ya yi aron abin da bai fahimta ba. Wannan magana ce da wani zai iya musawa, kuma shi ya sa ta zama matsayi. In ka rubuta abin da ba mai iya ja da shi, kamar cewa akwai gargajiya da zamani a wasan, to ba ka ce kome ba tukuna.

Daga nan kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya. Ka faɗi maganar, ka kawo abin da ya faru a wasan wanda ya tabbatar da ita, sa'an nan ka bayyana yadda ya tabbatar. Wannan na ukun shi ne yaranmu ke tsallakewa. Sai su ce Baroka yana da injin kan sarki, su wuce. To, sai me? Ai kamar ka je gaban alƙali ne ka ajiye takardar sayen fili ka juya ka tafi, ba ka ce ga iyakar da take nunawa ba. Dole ka ƙara da cewa wannan injin ya nuna tsohon ya fi malamin sanin amfanin zamani, domin shi ya mai da shi makami, malamin kuwa baki kawai yake yi da shi. Kuma ku yi ƙoƙari jigogin biyu su haɗu a kowane sakin layi. In ka ware gargajiya a shafi ɗaya, zamani a wani, ba su yi karo ba ke nan, maƙwabtaka suka yi.

Kada kuma ka ɓoye hujjar da ba ta goyi bayanka ba. Wani zai ce ai Baroka da yaudara ya yi nasara, yaya za a ce ya fi? Ka kawo wannan da kanka, ka amsa. Kana iya cewa nasara daban, gaskiya daban, kuma marubucin bai wanke kowa ba. Mai duba takarda yana daraja ɗalibin da ya hango ƙorafi tun kafin a yi masa.

Wannan ya kawo mu kan wata magana da wasu iyaye suka same mu da ita, kuma suna da hujjarsu. Sun ce yaya za a ba yara, musamman 'yan mata, littafin da tsoho ya yaudari budurwa, kuma a ƙarshe aka yi masa kiɗa? Ba mu raina wannan damuwa ba. Abin da muke cewa shi ne, sharhi ba yabo ba ne. Yarinyar da ta koyi bin diddigin yadda aka ɗana wa Sidi tarko, tun daga ƙaryar da aka sa a bakin Sadiku, zuwa girman kan da ya kai Sidi fada da dare ita kaɗai, zuwa daɗin bakin da aka yi mata da kan sarki, ta koyi abin da zai amfane ta a waje da aji. Kuma a nan ne jigo na biyu yake, na maza da mata. Sadiku ta yi rawa tana murna wai mata sun ga bayan zaki, ba ta san ita ce 'yar aiken zakin ba. Wanda aka tambaye shi wannan jigo, daga rawar nan ya kamata ya fara.

Gargaɗi ɗaya ga yaranmu musamman. In kun zo kan kuɗin auren nan, kada ku ɗauko hukuncin sadaki yadda aka koya muku a Islamiyya ku ɗora wa mutanen Ilujinle. Ku tsaya a kan abin da Sidi ta ce kuɗin yake nufi a wurinta, watau shaidar mutuncinta a idon gari. In kuna so ku kwatanta da namu, jimla ɗaya ta isa.

Ban da wannan, mu muna ganin yaran Sabo sun fi da yawa sa'ar wannan littafi. Kun san wane ne Baale, ba sai an fassara muku ba. Kun ga yadda ake dobale a gaban manya, don haka kun san nauyin abin da Lakunle ya yi da ya gai da Baroka da gaisuwar Turawa. Kuna Hausa a gida, Yarabanci a kasuwa, Turanci a aji, kuma kowannenku ya san wani Lakunle a unguwar nan, kada dai a kama suna. Saboda haka shawararmu ita ce ku fara yin gardamar da Hausa, da baki, da yayyenku ko da iyayenku mata, har sai kun iya faɗin matsayinku a jimla ɗaya. Sai a sa'an nan ku ɗauki biro ku juya zuwa Turanci. Yawancin Turancin da ke karyewa a takarda, tunanin ne bai nuna ba tun farko. Iyaye, ko ba ku yi boko ba kuna iya taimakawa a nan. Ku sa yaro ya ba ku labarin, ku yi ta tambayar sa: to, me ya sa ya yi haka? Ina shaidarka?

Masu nazarin Hausa kuma su gwada wannan hanya a kan Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi.

Ga aikin da muka ba ɗalibai. A ƙarshen wasan, bayan Sidi ta mayar wa Lakunle mujallar ta nufi gidan Baale, ana cikin kiɗan biki sai aka ga malamin ya bi wata yarinya da rawa. Kowa ya rubuta shafi ɗaya da rabi a kan abin da wannan rawa ta nuna game da zamanin da Lakunle ke wa'azi. A kawo mana ranar Asabar bayan la'asar, kuma wanda ya kwafo daga littafin bakin titi za mu gane, domin mu ma muna da shi.